Kafin dutse ya rufto: yadda ake gadin bangon ramin haƙa

Da misalin ƙarfe 9:30 na daren 10 ga Afrilun 2013, wani sashe na bangon ramin haƙar tagulla na Bingham Canyon da ke jihar Yuta a Amurka ya ɓalle ya gangaro. Bayan kimanin awa ɗaya da rabi, wani sashen ya biyo sahu. Dutse da ƙasar da suka zubo a daren nan sun kai kusan kubik mita miliyan 65, har na'urorin auna girgizar ƙasa a nahiyoyi daban-daban suka ji rugugin. In aka cire aman wutar tsaunuka, ba a taɓa ganin zaftarewa mai girman wannan a tarihin Arewacin Amurka na zamani ba. Amma ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Tun da hantsi aka kwashe ma'aikata daga ramin, aka rufe hanya, aka koma gefe ana jira.

Ba duba aka yi musu ba. Kamfanin Kennecott mai ramin, wanda ke ƙarƙashin babban kamfanin ma'adinai na Rio Tinto, ya daɗe yana bin diddigin wannan bango milimita bayan milimita. Tun cikin watan Fabrairu injiniyoyinsa suka tabbatar bangon arewa maso gabas yana tafiya, kuma kullum yana ƙara sauri. Babban dutse yana da wata ɗabi'a da ba kowa ya san ta ba: kafin ya faɗi yakan yi rarrafe, na makonni ko ma na shekaru. Duk aikin gadin bangon rami a kan wannan rarrafen ya dogara, da kuma ruwan da ke yawan ingiza shi.

Wani zai ce, to me ya hana a kwantar da bangon tun farko yadda ba zai faɗi ba? Kuɗi ne ya hana. Ramin Bingham faɗinsa ya kai kilomita 4, zurfinsa kimanin kilomita 1, kuma tun 1906 ake haƙarsa a buɗe. A rami irin wannan, digiri ɗaya kacal da aka rage wa tsayuwar bango yana nufin sai an fasa an kwashe miliyoyin tan na dutsen banza wanda ba za a sami ko sisi a kansa ba. Lissafin bai canza ba ko a ƙaramin wurin fasa tsakuwa, mai wurin so yake bango ya tsaya ƙyam don ya cinye iyakar filin da ya biya wa kuɗi. Shi ya sa ba a yin bangon rami don ya dawwama kamar dam ko gada. Yanka shi ake yi matakala-matakala, a bar shi kusa da iyakar abin da zai iya jurewa, sannan a zuba masa ido. Injiniyoyi kan raba ƙarfin da ke riƙe da dutsen da ƙarfin da ke jan sa ƙasa. In amsar ta fito 1, an zo gaɓa ke nan. Galibin bangayen rami a tsakanin 1.2 da 1.5 ake tsara su, ka ga rarar ba ta taka kara ta karya ba.

Curin dutse lafiyayye ba kasafai yake karyewa ba. Matsalar tana wajen tsage-tsagen da aka halicce shi da su, waɗanda suka ratsa kowane tsauni tun kafin a kafa masa katafila. Abin da injiniya ke fara dubawa shi ne inda tsagar ta sa gaba. In ta karkata ta nufi cikin tsauni, da sauƙi. In kuwa ta gangaro ta nufi rami, kuma haƙa ta zo ta yanke mata ƙafa, duk abin da ke bisanta ya zama kaya a kan gangare, babu abin da ke riƙe da shi sai kaushin fuskokin biyu. Wani lokaci tsaga biyu ke haɗuwa su yanko curi a tsakaninsu ya sulluɓo, wani lokaci kuma a tsaye suke, dutsen ya riƙa kifewa falle-falle. A Bingham, wata shimfiɗa ce mai rauni da ake kira Manefay ta ratsa bangon ta karkata zuwa rami, kuma sunanta zaftarewar ta ɗauka.

Sai batun ruwa, wanda a nan aka fi yi wa lamarin gurguwar fahimta. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda katanga ke yi a watan Agusta: ta sha ruwa, ta yi laushi, ta zauna. Dutse ba ta wannan hanyar ruwa ke kayar da shi ba. Tura shi yake yi. A ce akwai tsaga a tsaye a bayan bango mai zurfin mita 10, ruwan sama ya cika ta taf. A kowace mita ɗaya ta tsawonta, ruwan nan yana tura dutsen waje da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin tan 50. In zurfin ya zama mita 20, turin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne, wato tan 200. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne faɗin tsagar ba ya cikin lissafin sam. Tsagar da reza kaɗai ke iya shiga, turinta ɗaya ne da na wadda saniya za ta faɗa ciki. Tsaga mai faɗin milimita 1, zurfin mita 20, tsawon mita 10, duro ɗaya na lita 200 ya isa ya cika ta, amma turin da wannan duro zai yi ya kai tan 2,000.

Wannan ɓarna ta farko ke nan. Ta biyu a ƙarƙashin dutsen take faruwa. Abin da ke hana curi zamewa shi ne yadda nauyinsa ke danne shi a kan na ƙasansa. Da zarar ruwa mai matsi ya shiga tsakaninsu, sai ya ɗauke wani kaso na nauyin, dannawar ta ragu, riƙon ya saki, alhali abin da ke jan dutsen ƙasa yana nan daram. Wani injiniya mai suna Karl Terzaghi ne ya fayyace wannan ƙa'ida a shekarun 1920, kuma har gobe da ita ake aiki. In kuma akwai yumɓu a cikin tsagar, to a nan ne ruwa ke yin aikin da muka saba da shi, ya mai da shi santsi. A ƙasashen sanyi akwai ƙari: ruwan da ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, ya buɗe tsaga, ƙanƙarar kuma ta toshe bakin da ruwan ke fita, ya taru a baya.

Daga cikin abubuwan nan duka, ruwa ne kaɗai mutum ke da iko a kansa da ɗan sauƙi. Ba ka iya juya tsaga ta fuskanci wani wurin, ba ka iya sauya wa dutse nauyi, amma kana iya rage masa ruwa. Shi ya sa ake haƙa lambatu a saman rami don ya karkatar da ruwan sama, a cusa yumɓu a bakin duk tsagar da ta buɗe, a jera rijiyoyin burtsatse a kewaye famfo na ja dare da rana, a kuma huda ramuka a kwance cikin bangon a zura bututu ruwan ya riƙa tsiyayowa. Manyan wurare irin Bingham har hanyoyin ƙarƙashin ƙasa suke haƙawa a bayan bango saboda wannan.

To ta yaya za a san aikin yana ci? Ruwan da ke kwance a gindin rami ba ya ba da labarin abin da ke cikin bango. Sai an huda rami siriri an binne ma'aunin matsin ruwa, wanda ake kira fiyezomita, a daidai zurfin da ake zargi. Mafi sauƙinsa bututu ne mai huda-huda a ƙasa, a riƙa zura igiyar awo a ga inda ruwa ya tsaya. Na zamani kuwa waya ke kawo karatunsa kai tsaye zuwa kwamfuta. Ana binne su da yawa, don a bango ɗaya ana iya samun wani aljihu a bushe, maƙwabcinsa kuma cike da ruwa, wata shimfiɗar yumɓu ta raba su. Ido ma yana da nasa aikin. Bangon da aka saba gani yana tsiyaya, in ya bushe kwatsam a tsakiyar damina, ba abin murna ba ne, mai yiwuwa hanyar ce ta toshe. Haka in ruwan da ke fitowa garau ya koma ruwan laka, wani abu na motsi a ciki.

Shi kuwa motsin dutsen, hanyoyin auna shi sun fara ne daga abin da ko almajirin safiyo zai iya. A kafa turke biyu na ƙarfe, ɗaya a kowane gefen tsaga, a riƙa auna tazararsu da tef ana rubutawa. Gaba da wannan, a ɗaure waya daga ɓangaren da ke tafiya zuwa wanda ke tsaye, a haɗa ta da jiniya, in ta jawu fiye da ƙima ta yi kuka. Sai kuma ƙananan madubai da ake mannawa a jikin bango, na'urar safiyo da ke can tsallaken rami tana harba musu haske ɗaya bayan ɗaya, tana lissafa ko sun gusa. Raunin madubi shi ne labarin inda aka manna shi kaɗai yake bayarwa, ga ƙura da hazo na rufe shi, ga shi sai mutum ya hau wurin haɗarin kafin ya sa shi.

Abin da ya sauya lamarin shi ne na'urar rada (radar), wadda ta shigo wannan fage a farkon shekarun 2000. Ana ajiye ta nesa, ta riƙa share bangon gaba ɗaya duk bayan 'yan mintoci, tana gwada hoton yanzu da na ɗazu. Tana gane motsin da bai kai milimita ɗaya ba, da rana ko da dare, cikin ƙura ko hazo. A fuskar kwamfuta bangon kan fito da launuka, inda ke tafiya ya yi ja. Ita ma tana da nata makafin wurare, don motsin da ya nufo ta ko ya guje mata kaɗai take gani sosai, wanda ya gitta ta gefe yakan kufce mata. Saboda haka ba a dogara da na'ura ɗaya. A Bingham akwai rada iri biyu, da ɗaruruwan madubai, da wayoyin tsaga, da ma'aunan ruwa, kowanne yana tabbatar da ɗan'uwansa ko ya ƙaryata shi.

Motsi kansa ba shi ne abin tsoro ba. Kusan kowane bangon rami yana ɗan motsawa, musamman bayan an tashi nakiya ko an yi ruwa mai yawa, sannan ya lafa. Akwai bangayen da suka shekara goma suna tafiya ana aiki a ƙarƙashinsu. Wanda ke hana injiniya barci shi ne mai ƙara gudu ba tare da wani dalili na waje ba. A 1985 wani masani ɗan Japan mai suna Fukuzono ya fito da wata dabara mai sauƙi ƙwarai: a riƙa raba 1 da saurin tafiyar. A ce yau bango na tafiyar milimita 2 a yini, amsa 0.5 ke nan. In ya koma milimita 4, amsa 0.25, in ya kai 10, amsa 0.1. Idan aka ɗiga waɗannan amsoshi a takardar zane bisa ranakunsu, sau da yawa sukan jeru a kan layi miƙaƙƙe mai gangarowa. A ɗora rula a ja layin gaba, inda ya taɓa sifili, kusan nan ne ranar.

Da irin wannan lissafi Kennecott ya shirya. Aka rufe wurin da 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa su leƙa ramin, aka ɗauke gine-gine da wayoyin lantarki daga hanyar, aka buɗe wata mafitar ta daban. Da tafiyar ta kai kimanin santimita 5 a yini, aka fitar da kowa, kamfanin ma ya sanar da jama'a sa'o'i kafin faruwar abin. Sun yi daidai a kan rana da wuri, amma sun yi kuskure a kan nisa. Sun zaci dutsen zai zauna a kusa kamar yadda zaftarewar baya suka yi, sai ga shi ya malalo kamar ambaliya, ya yi gudun kusan kilomita 3, ya cinye babbar hanyar shiga ramin, ya binne ko ya lalata manyan motocin dakon dutse fiye da goma da injinan loda uku da aka ajiye a inda ake ganin babu abin da zai same su. Da mutane aka bari a wurin maimakon ƙarfe, da labarin ya sha bamban. Na'ura na iya faɗin lokaci, amma inda kayan zai tsaya har yanzu da ƙiyasi a cikinsa.

Kada a ɗauka awo kaɗai ya isa, don a Vajont da ke arewacin Italiya ma ana awo. Can ba ramin haƙa ba ne, dam ne mai tsawon mita 262, sai dai dutse da ruwan halinsu ɗaya ne. Tun a 1960, da aka fara tara ruwa, gefen tsaunin Toc ya tsage, wani yanki ya zubo. Injiniyoyi suka lura cewa in ruwan dam ya hau tsaunin yakan ƙara gudu, in ya sauka ya lafa, sai suka ɗauka sun sami linzaminsa. Wata 'yar jarida, Tina Merlin, da ta rubuta cewa mutanen yankin na cikin haɗari, kotu aka kai ta bisa zargin tayar da hankalin jama'a, aka kuma wanke ta. A 1963 aka sake cika dam ɗin, tsaunin ya ƙara gudu, aka fara sauke ruwan amma wannan karon bai lafa ba. A ranar ƙarshe yana tafiyar kusan santimita 20 a yini. Da ƙarfe 10:39 na daren 9 ga Oktoba, kimanin kubik mita miliyan 260 suka afka cikin ruwan cikin ƙasa da minti ɗaya. Ruwan ya tsallake dam ɗin ya share garin Longarone, mutane kusan 2,000 suka rasu. Dam ɗin yana nan tsaye har yau.

A ganina, abin da ya raba wuraren biyu ya wuce shekaru 50 na ci gaban na'ura. A manyan ramukan yanzu akan zauna tun ana lafiya a rubuta: in gudu ya kai kaza a ƙara sa ido, in ya kai kaza a janye motoci, in ya kai kaza kowa ya fita, kuma ga sunan wanda ke da ikon ba da umarnin ba sai ya nemi izinin manaja ba. Ranar da bango ya fara gudu ba ranar muhawara ba ce, don kowace awa da aka tsai da aiki asara ce, kuma mai lissafin asara ba ya rasa hujjar ƙara awa ɗaya.

Akwai wani abu a labarin Vajont da ya shafi duk mai ramin da ke cika da ruwa da damina. Ruwan da ke kwance a rami yana tokare bangon daga waje, a lokaci guda kuma ya ratsa cikinsa. In aka kawo manyan injinan famfo aka zuƙe shi cikin gaggawa don a koma aiki, tokarin ya tafi, amma ruwan da ke cikin tsage-tsagen bai sami lokacin fita ba, yana nan yana turi. A hankali ake sauke irin wannan ruwa, ana duba ma'auni.

Tulin ɓaraguzan da ake zubarwa a gefe shi ma bango ne, kuma shi aka fi mantawa da shi. A Aberfan da ke Wales, an tara sharar kwal a kan tudu bisa idanun ruwa da ke kan taswira. Bayan ruwan sama mai yawa, da safiyar 21 ga Oktoban 1966 tulin ya malalo kan makarantar firamare, ya kashe mutum 144, 116 daga cikinsu yara. Daga nan Birtaniya ta yi dokar 1969 kan tulin sharar ma'adinai, kuma ƙa'idojinta na 1999 kan wuraren fasa dutse sun wajabta ƙwararre ya duba duk bango ko tulin da ke da babban haɗari aƙalla duk shekara biyu.

A wajenmu, babu wanda zai ce mai fasa tsakuwa a bayan gari ya sayi rada. Kuma gaskiya ko ya saya ba lalle ta yi masa maganin komai ba, domin dutse mai tauri irin na tsaunukanmu, in ƙaramin curi ne, rarrafensa gajere ne, yana iya ɓallewa cikin mintoci. Irin wannan da tsari ake maganinsa: matakala mai faɗin da za ta tare abin da ya faɗo, a ɓamɓare duk abin da ke lilo bayan an tashi nakiya kafin lebura ya shiga, kada a ci ƙafar bango, kada tipa ta riƙa juye shara a bakin rami. Jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutsen da ke sama kuwa, waɗanda su suka fi rufta wa masu haƙa da damina, suna ba da alama sosai ga mai zagayawa saman rami da safe bayan an kwana ana ruwa. Ruftawar ramin Galkogo a ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja a watan Yunin 2024 bayan ruwan sama ta faru. Turke biyu, tef, littafi da bututu a rami, duka kuɗinsu bai kai na lodin tipa ɗaya ba.

Rufe rami ma ba ya kawo ƙarshen aikin, don da an kashe famfo ruwan ƙasa zai dawo. A Butte da ke jihar Montana a Amurka an kashe famfunan ramin haƙar tagulla na Berkeley a 1982, ruwa ya taso ya haɗu da ma'adinan da ke jikin bango ya zama ruwa mai guba. A 1995 dinyoyin daji 342 suka sauka a kansa suka mutu, a 2016 kuma dubbai, kuma har yanzu ana auna tsayinsa ana tace shi don kada ya kai ga ruwan ƙasa da rafukan kewaye. Dutsen tsakuwa ba ya yawan haifar da irin wannan guba, nasa haɗarin zurfi ne da bangon da ya ci gaba da shan ruwa babu mai duba shi. Tsohon ramin fasa dutse na Mpape a Abuja yanzu tafki ne da matasa ke zuwa ɗaukar hoto a bakinsa, haka ma tafkunan da haƙar kuza ta bari birjik a Filato, waɗanda mutanen kewaye ke noman rani da ruwansu.